Tun Ran Gini Ran Zane

Masu iya magana sun ce, tun ran gini ran zane. Galibinmu mun tashi muna jin wannan karin magana a bakin iyayenmu, musamman idan ana zancen tarbiyyar yaro, ko kuwa idan wani ya yi sakaci da wani al'amari har lokacinsa ya ƙure. Amma kaɗan ne daga cikinmu suka taɓa tsayawa suka tambayi kansu, shin wane gini ake nufi, kuma wane zane? Amsar tana hannun magina, da masu ginin tukunya da masu ginin soro, domin dukansu sun san cewa ƙasa ba ta karɓar ado sai tana ɗanya. In ka bari ta bushe, to, ka makara, ko da wuƙa ka zo sai dai ka ɓata aikin. Ashe ke nan zane a jikin gini tsohuwar sana'a ce a ƙasar Hausa, tun da har ta samu shiga cikin maganarmu ta yau da kullum.

Abin da ya sa na ɗauko wannan zance shi ne, a nan Jami'ar Ahmadu Bello, a Samaru, akwai sashen da ake koyar da zane-zane da sassaƙa, wanda ɗalibai suka fi sani da Fayin At. Sashen yana da ɗakin nuni, watau galari, inda ake rataye ayyukan malamai da na ɗalibai don jama'a su zo su gani. Yana kuma da wani lambu cike da siffofi na siminti da na ƙarfe waɗanda ɗalibai suka ƙera shekara da shekaru. Duk sa'ad da 'yan ajin ƙarshe suka baje ayyukansu nakan je kallo, kuma abin da na lura da shi shi ne, in ka ƙirga 'yan kallo, mu 'yan ƙasar da aka gina jami'ar a cikinta mu ne 'yan kaɗan. Da yawa daga cikinmu sun ɗauka abin da ake yi a wannan ɗaki al'adar Turawa ce, ko ta mutanen Kudu, babu ruwan Bahaushe da ita. Ni kuwa ina so in nuna wa mai karatu cewa da ruwanmu, har ma da tsakinmu.

Ni mutumin Kunduru ne, a ƙasar Kankiya ta Jihar Katsina, kuma ta wajen uwa ni jikan magina ne. Kakana, Allah ya jiƙansa, shi ya gina zauren gidansu da hannunsa, kawuna kuma ya gaji sana'ar daga gare shi. Tun ina ƙarami, in rani ya shigo aka gama aikin gona, nakan bi kawu wurin aiki ina miƙa masa ƙasa. Da fari akan haƙo ƙasar, a zuba mata ruwa da ciyawa da kashin doki, a tattake da ƙafa, a bar ta kwana da kwanaki ta ruɓa. Sa'an nan a mulmula tubali da hannu a shanya a rana. In bango ya tashi sai a ɗora azara, wadda ake fasawa daga itacen giginya saboda gara ba ta cinta da sauƙi. Daga nan sai yaɓe. Don kada ruwa ya zaizaye bangon akan gama yaɓen da makuba, watau ruwan da aka jiƙa ɓawon ɗorawa a ciki. Masu hali kuma su sa laso a kan soro, wanda ake haɗawa da katsin marina da gashin jima da dafara. Kowace sana'a ta gari da abin da take bayarwa: marini ya ba da katsi, majemi ya ba da gashi, manomi ya ba da ɓawon ɗorawa.

Zane shi ne aikin ƙarshe, shi ne kuma ba ya jira. Yayin da yaɓen ƙarshe yake ɗanye, sai magini ya sa yatsunsa ya riƙa jan ƙasar yana yin tudu da kwari, ba tare da ya fara gwadawa a takarda ba, domin tsarin yana cikin kansa. A bisa ƙofar zauren kakana akwai dagi babba, daga dama da hagu akwai takubba biyu, a sama kuma zankaye sun miƙe kamar kunnuwan zomo. A gefe ɗaya, can ƙasa kaɗan, akwai keke. Kawu ya ce shekarar da kakana ya sayi kekensa na farko ce aka sabunta yaɓen zauren, sai ya sa shi a bango don duk mai wucewa ya san Allah ya yi buɗi a gidan. Baƙon da ya sauka garin ba ya bukatar a gaya masa mai gidan magini ne, bangon ya riga ya gaya masa.

Mata kuma da nasu fagen a cikin gida. Kakata takan shafe ɗakinta da farar ƙasa, ta ja layuka da shuni a gindin bango da kewayen ƙofa. In kuwa za a kawo amarya, to, ranar jere sai gwanayen mata su taru su shirya tasoshi da kwanuka da faya-fayai tun daga ƙasa har kusa da rufi, wannan launi kusa da wancan, babba a ƙarƙashin ƙarami, ana yi ana ja da baya ana dubawa, ana sāke wa wani wuri. In an gama sai matan gari su yi ta zuwa ganin ɗaki, suna yabawa, suna kushewa a asirce. Don Allah, mai karatu, mene ne bambancin wannan da abin da ake yi a galari? An tsara kaya a bango, an kira jama'a, an zo an kalla, an tafi ana muhawara. Mun daɗe muna yin nuni, sunan ne kawai ba mu ba shi ba.

To, bari mu dawo Samaru mu ga yadda shi wannan sashe ya samo asali. Kafin a buɗe jami'ar nan a 1962, akwai wata kwaleji ta gwamnatin tarayya ta koyon fasaha da kimiyya da aikin injiniya, mai rassa a Ibadan da Inugu da Zariya. A 1955 aka ɗauko sashen zane daga reshen Ibadan aka kawo shi Zariya. Galibin malaman Turawan Ingila ne, in ban da irin su Clara Ugbodaga-Ngu, haifaffiyar Kano, kuma tsarin karatun irin na makarantun Landan ne. Ana nan sai a 1958 wasu ɗalibai suka kafa ƙungiyar masu zane ta Zariya. A cikinsu akwai Uche Okeke da Demas Nwoko da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo da Simon Okeke da Oseloka Osadebe. Daga baya mutane suka laƙaba musu 'yan tawayen Zariya. Tawayen nasu kuwa bai wuce na tunani ba. Cewa suka yi, ga mulkin kai yana ƙaratowa, bai kamata ɗan Nijeriya ya ƙare rayuwarsa yana kwaikwayon hannun Bature ba. A ganinsu kamata ya yi mutum ya koyi dabarun zamani da kayan aikin zamani, sa'an nan ya koma gida ya binciko fasahar iyayensa, ya haɗa su har su narke su zama abu guda. Kayan aro, in ji Hausawa, ba ya rufe katara.

Ba su tsaya ga faɗa da baki ba. A 1960, tun suna ɗalibai, Okeke da Nwoko da Onobrakpeya suka tafi Ikko suka yi zanen bango a rumfar sana'o'i ta babban nunin da aka shirya don bikin samun mulkin kai. A 1961 ƙungiyar ta watse da manyanta suka gama karatu, amma kowannensu ya tafi da irin ya shuka a wani wuri. Uche Okeke, wanda ya tashi a Kafanchan, ya koma ga uli, watau zanen da matan Ibo ke yi a jiki da bangon ɗaki, wanda mahaifiyarsa ta iya, daga baya ya mai da shi ginshiƙin koyarwa a jami'ar Nsukka. Onobrakpeya ya koma ga tatsuniyoyi da siffofin Urhobo. Grillo ya shahara da wani irin shuɗi mai kama da na rinin Yarabawa, ya kuma daɗe yana shugabancin sashen zane a kwalejin Yaba. Nwoko ya shiga gini, yana aiki da jar ƙasa da katako na gida, har a 2023 aka ba shi babbar lambar girmamawa ta masu tsara gine-gine a birnin Banis na Italiya. Abokin karatunsu Jimo Akolo, mutumin Egbe, wanda ya koyar a jami'ar nan shekaru masu yawa, shi ya fi mai da hankali ga mahaya dawaki da makaɗan Arewa. Bayansu aka yi irin su Gani Odutokun, wanda ya koyar a sashen har ya rasu a haɗarin mota a 1995, da Jerry Buhari.

Abin lura a nan shi ne, waɗannan samari sun yi wannan tunani ne suna zaune a Zazzau, ƙasar Babban Gwani Muhammadu Durugu, wanda ya gina masallacin Juma'a na birnin Zariya a zamanin Sarki Abdulkarimu, da ya yi sarauta daga 1834 zuwa 1846. Duk wanda ya ga bakan gizo da daurin gugan wannan masallaci, da zanen da ke jikin ginshiƙansa, ya san an yi gwani. A lokacin da suke karatu kuwa, gidajen birni da na Tudun Wada cike suke da ado iri uku: na tudu da kwari a ɗanyar ƙasa, da wanda ake karta a jikin yaɓen siminti kafin ya kama, da na fenti. Akwai dagi, akwai takobi, akwai agogo da keke da mota da jirgin sama. Ɗan Ibo ya zo ya gani, ya tuna da bangon uwarsa, ya koma gida ya ɗaukaka shi har duniya ta sani. Mu fa, masu bangon?

Waɗanda suka fara rubuta tarihin bangonmu galibi baƙi ne. A 1963 Bature Kirk-Greene ya buga ɗan littafi a kan gidajen Zariya masu ado. David Heathcote, wanda ya koyar da tarihin zane a wannan sashe, ya bi masu ɗinkin riga da masu zanen bango, cikinsu har da wani mai suna Musa Yola da ke zane da fenti a ƙauyukan Zazzau, kuma a 1976 ya shirya nunin fasahar Hausawa a Landan, lokacin bikin nuna al'adun duniyar Musulmi. Wani mutumin Folan, Dmochowski, ya yi shekaru yana auna gine-ginenmu, kuma ta dalilin aikinsa aka gina kwafin masallacin Zariya a gidan tarihin gine-ginen gargajiya da ke Jos. Shi ainihin masallacin, a shekarun 1970 aka yi sabon gini da ya lulluɓe abin da ya rage na tsohon. Daga cikin namu akwai Hamman Tukur Sa'ad, wanda ya yi digirinsa na uku a 1981 a kan maginan Hausa da yadda suke auna kyau. Allah ya saka musu. Amma bincikensu ya fi yawa a manyan birane. Ƙauyuka irin su Kunduru, da ɗaruruwan 'yan'uwanta tsakanin Kankiya da Kusada da sauran ƙasar Katsina, sai mu 'ya'yansu.

Kada kuma mu ɗauka zanen bango ƙaramin abu ne a idon duniya. A Meziko, bayan juyin juya halinsu, gwamnati ta ba masu zane irin su Diego Rivera bangon ma'aikatu tun daga shekarun 1920, don talakan da bai iya karatu ba ya ga tarihin ƙasarsa da idonsa. Wani ɗan ƙasar, Orozco, kwalejin Dartmouth ta Amurka ta gayyace shi, ya yi daga 1932 zuwa 1934 yana zane a bangon ɗakin karatunta, ɗalibai suna karatu a ƙarƙashinsa. Dabarar da suka yi aiki da ita, wadda suka gada daga Italiya, ita ce a shafa launi a kan ɗanyen yaɓe, yadda in ya bushe launin ya zama jikin bangon. Saboda haka mai zane ba ya yaɓa sai gwargwadon abin da zai iya zanawa a yini guda. Da aka yi mini bayanin wannan sai na yi dariya, na ce ai karin maganarmu ce Turawa suka mayar darasi.

Na san wani zai ce, ai abin da ke hana mu shiga galari shi ne maganar zana abu mai rai, wadda malamai suka yi bayani a kanta. Wannan fage ne na malamai, kuma ina girmama duk wanda ya kiyaye. Sai dai ina tuna masa cewa akasarin adon bangon Bahaushe ƙulli ne da layi da da'ira da kusurwa, dangin zayyanar da ake yi wa allon mai saukar Alƙur'ani, da aska biyu da aska takwas na gaban riga, da zanen da dukawa ke yi a jikin fata. Wanda bai zana ko ƙuda ba yana iya cika galari da aikin da babu mai ce masa don me. Filin yana da faɗi, mu ne dai ba mu shiga ba.

Yanzu bari in ba da labarin abin da ya faru a gidanmu. A daminar 2020, wadda aka yi ruwa mai yawa a Arewa, zauren kakana ya rushe cikin dare. Allah ya kiyaye babu kowa a ciki. Da aka tashi sāke gini sai 'yan gida suka ce bulo za a sa da kwano, kuma babu mai ganin laifinsu. Ginin ƙasa yana son yaɓe kusan kowace shekara, samarin da za su kwaɓa ƙasa sun tafi birni, giginya ta yi wuya, kuma kowa ya sha jin labarin soron da ya faɗa wa mutane. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Amma dagin nan da takubba da keken kakana sun koma ƙasar da aka ɗebo su, babu ko hotonsu. 'Ya'yan kawu biyu, ɗaya yana acaɓa a Kano, ɗaya yana aikin silin a Abuja, yana kwafo adon daga hotunan wayarsa. Shi kawu ya haura saba'in, hannunsa ya fara rawa.

Da na shigo jami'a sai Allah ya haɗa ni ɗaki da wani ɗalibin Fayin At, mutumin Jihar Kogi amma tashin Kaduna, yana jin Hausa sarai. Da ya kai ajin ƙarshe sai ya ce yana so ya yi aikinsa a kan adon bangon Hausawa, amma ya gaji da kwafar hotunan littafi, so yake ya ga hannu yana yi. Da hutu ya zo muka hau mota muka bi ta Kano, muka sauka Kankiya, muka ƙarasa gida. Kawu ya saurare shi, ya yi shiru, sa'an nan ya ce, "Yaro, wannan ba a faɗinsa da baki. Ku kwaɓa ƙasa." Kwana huɗu muka yi muna tattaka. Ran na biyar ya yaɓe gefen rumbunsa, ya sa yatsa. Abin mamaki, hannun da ke rawa in ya ɗauki moɗa, da ya taɓa ɗanyar ƙasa sai ya tsaya cak. Kafin la'asar ya fitar da zane bakwai, yana yi yana faɗin sunan kowanne, abokina yana rubutawa yana ɗaukar hoto, yara sun kewaye mu, tsofaffi kuma suna ta tuna gidajen da suka taɓa ganin irinsa.

Da lokacin nuni ya yi, abokina ya dage sai an zo da kawu. Ranar ya sa farar rigarsa ta Juma'a, muka shiga galari da hantsi. Ya tsaya a tsakiyar ɗakin ya dubi bango huɗu, ya ce mini, "Kai ɗan nan, wa ke kwana a ɗakin ga?" Na ce, "Ba kowa, Kawu." Ya ce, "To, wa aka yi wa adon?" Na ce, "Duk wanda ya shigo." Ya kaɗa kai, bai ce kome ba. Muka bi ayyukan ɗaya bayan ɗaya, ga na hawan salla, ga na kasuwa, ga waɗansu da ba ka gane kansu sai launi kawai. Waɗannan na ƙarshe, da na zaci zai wuce su, su ya fi daɗewa a gabansu, yana cewa wannan ya san inda ake tsayar da layi, wancan kuwa ya cika wuri da yawa, bai bar wa ido inda zai huta ba.

Da muka iso aikin abokina, alluna uku manya da ya yaɓe da ƙasa da gam ya yi musu tudu da kwari, sai kawu ya miƙa hannu. Na ce, "Kawu, ba a taɓawa." Ya ce, "Aikin hannu ne za a ce kada hannu ya taɓa?" Abokina ya ce, "Baba, taɓa, naka ne." Ya bi dagin da yatsa tun daga farko, sai ya tsaya a wani wuri ya ce, "Nan ka kwance. Igiyar da ta bi ta ƙasa, a gaba ta sama za ta bi. In ta bi ƙasa sau biyu, ƙullin bai ɗauru ba." Ya kuma nuna masa cewa tudun ya yi kwance da yawa, in a waje ne ruwa zai zauna a kai ya cinye shi cikin damina guda. Malamai biyu da ke kusa suka matso suna saurare, ɗaya ya ce a fassara masa. Daga nan sai idon kawu ya kai ga 'yar takardar da aka manna a gefe, ya ce mi aka rubuta, domin shi ajami ya iya. Na karanta masa: sunan ɗalibi, da shekara, sa'an nan an ce an koyi wannan zane daga hannun wane, magini a Kunduru. Ya ce in sāke karantawa. Na sāke. Sai ya ce, "Shekara hamsin ina gini, ban taɓa ganin an rubuta sunan magini ba. Ko na babana ba a rubuta ba."

Tun daga ranar nake ta juya tambayarsa ta farko da maganarsa ta ƙarshe, domin a ganina su biyun sun tattara zancen duka. Bangon ƙauye yana da mutane. Ana zama a gindinsa, ana ɗaurin aure a gabansa, yaro yana tashi da shi a ido har ya san kyau ba tare da an koya masa ba. Sai dai ba shi da rumfa, ba shi da rajista, in ya faɗi ya tafi da sunan mai shi. Galari kuwa yana da rufi da takarda da kwanan wata, yana iya riƙe aiki shekara ɗari, amma sau da yawa shiru ne a ciki, sai ɗalibai da malamansu. Kowanne yana da abin da ɗan'uwansa ya rasa. Wanda ke tsakaninsu kuwa, mai ƙafa ɗaya a ƙauye ɗaya a jami'a, ai mu ne.

Kada wani ya ce aikin ƙauye ba ya kai mutum ko'ina. Ladi Kwali maginiyar tukunya ce ta ƙasar Gwari, jami'ar nan ta ba ta digirin girmamawa a 1977, ga hotonta nan a bayan takardar naira 20. A ƙauyen Yama na jihar Tawa, a Jamhuriyar Nijar, wani magini Falke Barmu ya gina masallacin ƙasa a 1962, ya yi ta ƙawata shi daga baya, har aikin ya ci lambar Aga Khan ta gine-gine a 1986. A 2025 kuma babban gidan nuni na Tate da ke Landan ya buɗe nunin ayyukan masu zanen Nijeriya, inda aka baje na 'yan ƙungiyar Zariya da tukwanen Ladi Kwali. Duk waɗannan an san su ne saboda wani ya tsaya ya duba, ya rubuta suna.

Saboda haka ina da 'yan shawarwari ga 'yan'uwana na wannan ƙungiya. Na farko, in an buɗe nuni mu je, mu ja abokanmu, ko ba mu gane ba mu yi tambaya, gani ya kori ji. Na biyu, kowannenmu yana da waya mai ɗaukar hoto. In mun je hutu mu zaga garinmu, duk zaure ko rumbu ko masallacin da ke da zane mu ɗauka, mu tambayi wanda ya gina, da shekarar da aka yi, da sunan kowane zane. Wannan na ƙarshe aikinmu ne musamman, mu masu kishin harshe, domin in sana'a ta mutu da kalmominta take tafiya. Yau ɗalibi nawa ne zai iya bambanta makuba da laso, ko ya gaya maka mene ne daurin guga? Na uku, shugabanninmu su nemi sashen zane a haɗa hannu a shirya nuni guda, a rubuta bayanin kowane aiki da Hausa, boko da ajami, a gayyato Sarkin Magina da mutanensa, a ba su kujera a gaba, a kuma ba su bango guda a harabar jami'a su nuna wa ɗalibai yadda ake yi. Na huɗu, in Allah ya hore mana muka tashi gina namu gidajen, ko da na bulo ne, mu bar wa zane fuskar zaure. Maginan Zariya sun riga sun nuna siminti ma yana karɓar dagi in an kama shi da ɗanyensa.

Tsofaffin da suka iya wannan aiki suna nan da sauransu a garuruwanmu, amma kowace shekara raguwa suke yi, kowace damina kuma da bangon da take kayarwa. Kawu ya ce in gaya wa abokina ya dawo bayan kaka, akwai sauran zane huɗu da bai nuna masa ba, kuma ya zo da duk wanda ke so. Ni dai na ce zan isar da saƙo, ga shi na isar. Allah ya jiƙan magabatanmu, ya ba mu ikon riƙe abin da suka bar mana, amin.